Iccen da Ya Dace da Mafakar Kifi a Lokacin Hunturu

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, inda ake haƙa ƙananan tafkuna a lambunan gida domin kiwon kifin ado kamar koyi, wanda aka inganta irinsa a Japan, hunturu yakan bar kifi ba maɓoya. Ciyayin ruwa sukan mutu, kuzarin kifin ya ragu har ya daina cin abinci, sai ya lafe a ƙasan tafki inda ɗumin ruwa ke tsayawa wajen digiri 4 ko da saman ya daskare, kuma kafin ƙanƙara ta rufe ruwan zalɓe yakan tsince shi ba wahala. Shi ya sa masu kiwo ke nutsar da gungume ko rassa domin kifin ya sami inda zai fake.

Babban haɗari yana tattare da katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓa, wanda ƙarkonsa ke yaudarar mai saye. Shekaru da yawa ana sarrafa katakon gini da wani haɗi mai ɗauke da jan ƙarfe da gubar asinik, har sai da Amurka ta daina amfani da shi a yawancin ayyukan gida a ƙarshen 2003, alhali jan ƙarfe ko kaɗan ne yana lalata sassan da kifi ke numfashi da su. Haka ma tsohon katakon layin dogo da aka shafe da kiriyosot, wato baƙin mai da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, da duk katako mai fenti. Tafkin lambu ruwa ne da ba ya gudu, don haka abin da ya tsatso daga icce yana nan tare da kifin har bazara.

Wasu itatuwan kuma dafinsu na halitta ne, kamar yu da baƙin walnot, kuma ana guje wa fayin saboda ƙaronsa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga masuntan ƙasar Hausa, waɗanda suka daɗe da sanin cewa ɓawon aduwa da makubar ɗorawa suna sumar da kifi.

Abin da ya fi dacewa shi ne icce mai tauri da ya bushe sarai, kamar ok ko alda, a ɓare ɓawonsa, a jiƙa shi makonni ana sauya ruwa domin rage tanin, sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa, wanda ke rina ruwa kamar shayi ya kuma ƙara masa tsami. Ɗanyen icce bai kamata a kusanto da shi ba, domin ruɓewarsa tana cinye iskar oksijin a daidai lokacin da ƙanƙara ta hana sabuwar iska shiga, shi ya sa ake barin wata kafa a buɗe cikin ƙanƙarar.