Gudummawar Jama'a Ga Makarantun Firamare A Unguwar Ali Kazaure

JOS: A Ali Kazaure, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato, kamar sauran unguwannin talakawa, gudummawar iyaye da 'yan kasuwa ce kan cike giɓin da kasafin gwamnati ya bari a makarantun firamare. Dalilin haka kuwa yana cikin yadda aka tsara kuɗin ilmi a ƙasar nan.

Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Gina azuzuwa kuwa galibi ya dogara ne ga hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Idan aka yi jinkiri, aiki ya tsaya.

Haka kuma harajin ilmi, wanda dokar soja ta 1993 ta kafa a kan kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a wancan lokacin, da farko firamare na da rabo a cikinsa. A 2011 aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai.

Saboda haka ƙananan bukatu irin su alli, rajista, gyaran benci, ƙofa da kwanon rufin da iska ta yaye, sukan faɗo kan ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta. Wani ya ba da kuɗi, wani katako ko siminti, kafinta ko magini ya ba da ƙarfinsa a aikin gayya.

Sai dai dokar 2004 ta ce ilmin firamare kyauta ne. Don haka gudummawa ba ta zama dole ba, kuma bai halatta a kori yaro don iyayensa sun kasa bayarwa ba.

Ɗan kasuwar da ke da niyyar taimakawa, ya fi masa alheri ya nemi jerin bukatu daga hedimasta, ya ba da kaya maimakon tsabar kuɗi, ta hannun kwamiti, a rubuta a ba shi shaida. Ribar ba ta da nisa, domin yaran da ke zaune a waɗannan azuzuwa su ne masu riƙe lissafin shaguna nan gaba.