An Sha Maganin Maleriya Da Na Taifot, Jiki Bai Warware Ba: Yadda Damuwa Ke Bayyana A Jikin Manomi

Wataƙila ka san wannan halin, ko a kanka ko a jikin wani ɗan ƙungiyarku. Mutum ya fito daga Minanata da sassafe zai tafi fadama wajen Kwalkwalawa, bai ma ɗauki fartanya ba, gabansa na ta faɗuwa. Kai ya yi nauyi, wuya ya sage, ciki na murɗawa, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Ya je kemis an ba shi maganin maleriya. Bayan mako biyu a ce taifot ne, daga baya a ce olsa. Kuɗin da ya tanada na taki ya ƙare a magani, ciwo kuma na nan.

Sau da yawa abin da ke cin irin wannan mutum damuwa ce da fargaba. Kuma ka ji da kyau: ciwon gaske yake ji, ba raki ba ne, ba kuma ƙarya yake yi ba.

Ga yadda abin ke faruwa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarin da ake kira adirenalin. Ka tuna ranar da ka kusa taka maciji a cikin shinkafa. Kafin ka yi tunani, zuciya ta buga da ƙarfi, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, ƙafa ta yi tsalle. Aikin sinadarin nan ke nan: yana janye jini daga ciki ya tura shi hannuwa da ƙafafu domin ka gudu ko ka kare kanka. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai.

To matsalar ita ce jiki bai bambance maciji da bashi ba. Tunanin bashin taki, tsadar man injin ban ruwa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, albasa na ruɓewa a rumbu farashi bai tashi ba, tsoron ruwa ya tafi da shuka kamar yadda Gulbin Rima ya yi a ambaliyar 2010, ko ɗan'uwa a Sabon Birni ko Isa da 'yan bindiga suka hana zuwa gona. Waɗannan ba sa wucewa cikin minti biyar. Sai jiki ya zauna a shirin gudu wata da watanni.

Daga nan alamomin ke fitowa. Naman wuya da kafaɗa da ya daɗe a ɗaure shi ke kawo ciwon kai kamar an ɗaura maka rawani an matse. Cikin da aka rage wa jini shi ke kumburi, ƙwannafi, gudawa ko rashin sha'awar abinci. Saurin numfashi kuwa yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ya sa za ka ji jiri, yatsu da leɓe na yin mirmir. Wasu kan ce suna jin zafi a tsakiyar ka, ko kamar kiyashi na tafiya a jikinsu. Likitocin Nijeriya sun daɗe da sanin wannan koken a wajen masu damuwa. Akwai kuma wanda abin ke zo masa farat ɗaya: ƙirji ya toshe, jiki na karkarwa, ya tabbata mutuwa zai yi, bayan 'yan mintuna ya lafa. Irinsa ne ake saurin cewa aljanu ne ko sammu.

Ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Mata sun fi maza kamuwa, don haka idan mai ɗakinka ta yawaita kukan ciwon jiki, kar ka ce mita ce.

Amma fa kar ka yanke wa kanka hukunci a gida. Manomi na da wasu abubuwan da ke kama da damuwa, kuma wasunsu na kisa. Na farko maganin feshi. Idan bayan ka yi feshi, musamman da irin su DDVP, ka ji gumi, yawu na zuba, amai, nama na rawa, ido na gani dishi-dishi, wannan guba ce. Cire kayan, wanke jiki da sabulu, a kai ka asibiti nan take tare da kwalbar. Na biyu zafin rana, wanda a Sakkwato kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Sai ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga da ciwon maƙoƙo. Ciwon ƙirji da ke tasowa idan kana aiki ko ya miƙa zuwa hannu, suma, ko mutuwar ɓarin jiki, waɗannan ba a jira da su.

Idan an auna jini, an yi gwajin maleriya ba a ga komai ba, sai ka lura da lokacin da ciwon ke tashi. Yana ƙaruwa idan mai bashi ya kira waya? Yana raguwa idan kana hira a majalisa ko aiki ya ɗauke maka hankali? Zazzaɓin gaske ba ya sanin ranar biyan bashi. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi a ce taifot, shi kaɗai ba hujja ba ne, yakan nuna cuta ga wanda ba shi da ita.

Abin da za ka iya yi da kanka: rage goro, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, domin duk suna ƙara bugun zuciya. Guji tiramadol da ƙwayar barci ta kemis. Suna kwantar da kai yau, gobe ka kasa rabuwa da su. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac, yawan shansa na cin ciki, ya mai da olsar zato ta gaske. Idan abin ya taso, zauna, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita na 'yan mintuna. Addu'a da zikiri na sanyaya zuciya, kuma ba sa hana zuwa asibiti.

Idan ya kai makonni yana hana ka barci ko noma, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san sunan Kware kaɗai na sa mutane ja da baya, ana ganin sai wanda ya tuɓe ake kaiwa. Da yawa cikin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Ka faɗa wa likita abin da ke zuciyarka, ba na jiki kaɗai ba. Maganin da zai ba ka yakan ɗauki makonni kafin ka ji aikinsa, kar ka bari a kwana uku. Idan kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, faɗa wa wani a yau, a kuma nisanta maganin feshi daga ɗakinka.

Ku kuma shugabannin ƙungiya, idan kuka ga ɗanku ya daina zuwa taro, ya rame, kullum da ledar magani, ku aika dattijo ya same shi a gida. A duba ko za a raba masa bashin kashi-kashi zuwa bayan girbi, a kuma sami mai raka shi asibiti.