Dakashi Da Rigakafi: Yadda Jikin Maraƙi Ke Yaƙar Cutar Numfashi

Asarar da cutar numfashi ke jawo wa mai gonar kiwon shanu ba ta tsaya ga maruƙan da suka mutu ba. Wanda ya tsira ma yakan yi jinkirin girma, ya ci abinci ba tare da ya yi nauyin da ya dace ba, idan kuma karsana ce, sau da yawa nononta kan ragu a haihuwar fari.

Ɗaya daga cikin manyan masu haddasa wannan ciwo ita ce ƙwayar cutar bairos da likitocin dabbobi ke kira BRSV, wadda aka fara ganowa a ƙasar Suwizalan a shekarar 1970. Ta fi kama maruƙan da ba su wuce wata 6 ba. Kada a ɗauke ta daidai da ciwon huhun nan da makiyaya suka sani, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke sarrafa allurarsa. Wannan allura ba ta hana ta.

Maraƙi yana zuwa duniya kusan ba shi da garkuwa, domin mahaifar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa jinin ɗan da ke ciki. Sai ta hanyar dakashi, wato nonon farko, yake samun su. Hanjinsa ya fi tsotse su cikin sa'o'i 6 na farko, bayan sa'o'i 24 kuwa ƙofar ta kusa rufewa. Saboda haka ake ba da shawarar ya sha kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa tun da wuri. Wannan kariya ba ta hana shi kamuwa, amma tana rage tsananin ciwon ƙwarai.

Sai dai a nan ne lissafin kuɗi ke rikicewa. Sinadaran da ya aro daga uwarsa sukan tare allurar rigakafi kafin jikinsa ya koyi yin nasa, ta yadda mai gonar da ya yi gaggawar yin allura zai iya biyan kuɗin da ba su sayi kome ba. Idan kuma ya jinkirta da yawa, kariyar aro ta ƙare, maraƙin ya zauna a buɗe. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro rigakafin da ake ɗigawa ta hanci, wanda ke tayar da garkuwa a daidai mashigar cutar.

Wani ɓangare na ɓarnar huhu ma jikin ne ke yi wa kansa, sakamakon kumburin da ya wuce kima wajen yaƙar bairos ɗin. A kan wannan rauni ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke hawa. Su kaɗai magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke iya kashewa, ba bairos ba, don haka sayen su barkatai ba tare da likita ba ɓarnar jari ce.