Mai Ciki da Zaƙi a Gidan Bahaushe

Tun kafin a san wani abu wai shi awon ciki a ƙasar Hausa, tsofaffin mata suna jin tsoron zaƙi ga mai juna biyu. Da zarar ciki ya turo riga sai a fara kafa wa yarinya doka: ban da rake, ban da zuma, ban da alewa da nakiya, kunu ma a sha shi lami. Hujjarsu ita ce zaƙi taruwa yake yi a mara, ranar naƙuda kuma ya tare hanya, a wuni ana zubar da ruwa mai yauƙi haihuwa ta ƙi zuwa. In aka ga mace ta daɗe a durƙushe, ungozoma ba ta da wata magana sai, "Zaƙi ne, bai gama zuba ba." Saboda haka ne ake yin maganin zaƙi a watannin ƙarshe, jiƙo ne na saiwoyi da sassaƙe, mai ɗacin gaske, kowane gida da irin haɗin da ya gada. Yarinya ta sha tana yatsina fuska, kakarta na tsaye a kanta sai ta ga gindin ƙwarya.

Ma'aikatan asibiti ba su yarda da wannan bayani ba. A wurinsu wancan yauƙin majina ce da ke toshe bakin mahaifa, kowace mai ciki tana da ita, ko ta sha rake ko ba ta sha ba, kuma fitarta alama ce ta cewa haihuwa ta matso. Tsofaffi kuwa su ce su da idonsu suka gani, wadda ta fi kwaɗayin zaƙi ita ta fi shan wuya. An daɗe ana wannan ja-in-ja a tsakar gida da bakin ɗakin haihuwa. Ni dai a ganina bayanin tsofaffin ya kauce, amma tsoronsu yana kan hanya, domin akwai wata doguwar naƙuda da suga ne sanadinta.

Ga yadda abin yake. Mabiyiya, wadda jariri ke ci ta cikinta, tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, shi ne sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi inda jiki zai yi amfani da shi. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ɗin, a wuce lafiya. Wasu kuwa jikin ya gaza, suga ya taru a jini, ya bi ta cibiya ya isa ga ɗan da ke ciki. Shi kuma ya yi ta tara shi a matsayin kitse, har ya kai kilo 4 ko ya haura. Ranar haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare da tiyata. Wannan shi ne ciwon suga na juna biyu, kuma ba baƙon abu ba ne: ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida tana zuwa ne da hawan suga a jinin uwa. Ya fi samun mai ƙiba, da wadda shekarunta suka ɗan ja, da wadda akwai ciwon a danginsu, da wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri ko ta haifi ɗa ba rai ba a san dalili ba. Muguntarsa ita ce ba ya sallama. Ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, duk abubuwa ne da muke lissafawa cikin laulayi, babu mai ɗaga kai ya dube su.

Sai kuma kunya. Cikin fari a wurinmu ba abin faɗa ba ne. Yarinya za ta yi ta ɓoye shi da zani da hijabi, in ƙawa ta tsokane ta ta ce ƙiba ce. Uwarta ma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Kyakkyawar ɗabi'a ce, ina son ta, amma ita ce ke sa wasu ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa. Gwajin suga kuwa yana da lokacinsa, tsakanin mako na 24 da na 28, wato wata na shida zuwa na bakwai. Daidai lokacin ke nan da ake shirin goyon ciki, a ɗauke mai cikin fari daga gidan miji a mayar da ita gaban iyayenta ta haihu a can. Sau da yawa a wannan ƙaurar ce awo ke yankewa: katin yana wancan asibitin, ita tana wannan garin.

Wadda ta samu aka yi mata gwajin ba ta mantawa da shi. Za a ce ta kwana ba ta ci komai ba, ta zo da sassafe. A ɗebi jini, sannan a miƙa mata kofi an narka gram 75 na sukarin gulukos a ciki, a ce ta shanye cikin 'yan mintoci. Zaƙinsa har maƙogwaro yake kamawa, ga ciki babu komai, wata sai ta toshe hanci, wata ta yi ta haɗiyar yawu don kada ta amayar a ce ta dawo wata rana. Daga nan sai zaman benci na awa biyu, ba ci ba yawo, ana ɗibar jini bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A kan wannan benci ake ƙulla ƙawance, a ji ta wace unguwa ce, ciki na nawa ne, wa ya rako ta. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce in sugan jinin farko ya kai 92, ko na awa ɗaya ya kai 180, ko na awa biyu ya kai 153, to akwai ciwon. Ɗaya ma ya isa.

A asibiti ake gano shi, amma a gindin murhu ake jinyarsa, kuma a nan ne rigimar take. Yarinya ta dawo da takarda an ce ta rage tuwo. Da dare uwar ta zubo mata malmala uku kamar yadda ta saba.

"Inna, ɗaya aka ce in ci."

"Ɗaya? Ke da ba ke kaɗai ba ce? Tuwon dawa ne fa, ina zaƙi a cikinsa?"

"Sun ce in ya shiga ciki shi ma suga yake zama."

"Oh ni 'yasu! Mu da muka haife ku da tuwon nan muka haife ku."

Gaskiyar Inna ce ta wani ɓangare, da tuwo aka haife mu. Abin da ba ta lissafa ba shi ne abin da ke biyo bayan tuwon a zamaninta. Mai ciki a da ita ke surfe, ita ke daka, ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, tsofaffi ma cewa suke yi daka na sa haihuwa ta zo da sauƙi, don haka ba a karɓe mata taɓarya sai ta kusa faɗuwa. Tuwon da ta ci da dare kafin hantsi ya ƙone. Yau inji ke niƙa, adaidaita-sahu ke kai ta unguwa, in maigida mai hali ne ga 'yar aiki. Ban ce a koma wahala ba, matan ƙauye da yawa har yanzu wahalar ce ke cin su. Amma abin da likita ke nufi in ya ce ta riƙa taka ƙasa na kamar rabin awa a rana, musamman bayan cin abinci, shi ne ɗan abin da turmi yake yi mata a da ba tare da an rubuta a takarda ba. Ko zagayen tsakar gida ne bayan sallar isha'i, ya wadatar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda dokar tsofaffin ta rushe a daidai lokacin da zaƙin ya yawaita. Kakanninmu rake da zuma suke hanawa, abubuwan da ba kullum ake samu ba. Yanzu maigida ne zai shigo da leda da dare, lemon kwalba, da malt wai don ƙarin jini, da madarar gwangwani, da burodi. Da safe shayi mai kauri, cokali uku na suga. Da rana zoɓo da kunun aya na ƙanƙara, su ma an cika su da suga. Duk cikin ƙauna ake yi, ga kuma al'adar nan tamu ta cewa ba a hana mai ciki abin da ranta ya biya, har maƙwabta in sun yi girki mai ƙamshi sai sun aiko mata kada ta ji ta rasa. Babu wanda ya isa ya ce wannan mugun hali ne. Sai dai mai suga a jini, kwalbar malt guda ta fi ƙarfin duk jiƙon da za a ba ta.

Gyaran kwanon ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma kusan duk abin da ake bukata yana cikin kasuwarmu. Tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannunta, miya kuwa ta yi yawa, ta kuka ko kuɓewa ko taushe, da abin da ya samu na kifi ko nama ko ƙwai. Wake, awara, kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kindirmo ba suga, waɗannan duk nata ne. A raba cin kashi-kashi, kaɗan sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada ta zauna da yunwa har ta galabaita sannan ta ci ta yi nak. Koko da kunu da fura su ne masu yaudara, don abin sha ya fi saurin ɗaga suga a jini, ballantana da safe. Akwai masu cewa a koma acca ko tuwon alkama an huta; su ma hatsi ne, in aka cika kwano da su labarin bai canja ba. Zuma da dabino kuwa sai an yi magana a hankali, saboda darajarsu a addini, ga mata da yawa suna cin dabino a watan haihuwa suna tuna ƙissar Nana Maryamu. Darajarsu na nan, amma suna ɗaga suga, don haka ƙwaya nawa za ta ci magana ce tsakaninta da mai duba ta.

Wadda ke da hali takan sayi 'yar na'urar gwaji, ta soki yatsa da asuba kafin ta ci komai da kuma bayan kowane abinci, ta rubuta a littafi. Ana so na asuba ya tsaya ƙasa da 95, na awa ɗaya bayan ci ƙasa da 140, na awa biyu ƙasa da 120. Wannan littafin shi ke raba gardama da Inna, don ranar da aka sha fura lamba za ta faɗa. Mata da yawa da gyaran abinci da tafiya kaɗai suke kaiwa ga haihuwa. In lamba ta ƙi sauka sai a ba da ƙwayar metformin ko allurar insulin, a nan kuma sai dangi su tashi: wai allurar nan in an fara ba a dainawa. Ga mai wannan ciwon ba haka ba ne, galibi da mabiyiya ta faɗo ake ajiye allurar. Inda babu wuta, akan sa kwalbar insulin ɗin a abu mai murfi a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Azumi kuwa, shari'a ta riga ta yi wa mai ciki rangwame in tana tsoron cutuwa, kuma mai allurar insulin ita ce ta fi kowa cancantar karɓarsa.

Ranar haihuwa in aka ga jariri jibgege sai guɗa, 'yan barka na ta "Tubarkalla, wannan ai ya yi wata biyu!" Ba mai kawo wa ransa cewa ƙaton nan shi ne abin lura. Ya saba da suga mai yawa a ciki, an yanke cibi an yanke masa shi, nasa na iya faɗuwa cikin awannin farko, ya yi laushi ko ya riƙa karkarwa. Maganin farko shi ne nono tun a awar farko, wato dakashin nan da wasu tsofaffi har yau suke cewa a matse a zubar wai ba shi da kyau. A wannan kam ba na bayansu ko kaɗan.

Sai jego, lokacin da mace ta fi kowane lokaci gata a rayuwarta. Wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma, gasasshen nama da yaji, ƙauri, tuwo da man shanu, da kunun kanwa kofi bayan kofi don nono ya kawo. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan kanwa da zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wannan wani zance ne na daban. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kunun yanzu da suga ake dama shi, mai jego kuma an ɗauka ta warke tunda ta sauka. Gaskiya ne yawanci sugan yakan koma daidai bayan haihuwa. Amma wadda ta yi shi sau ɗaya tana cikin haɗarin ya dawo a ciki na gaba, kuma da yawansu ciwon suga na dindindin yakan same su bayan shekaru. Shayarwa tana rage wannan haɗari, haka ma sauke ƙibar jego.

Ana so a sake gwajin tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, kuma farkon wannan lokaci ya faɗo kusa da arba'in, ranar da mai jego ke yin kitso da lalle ta goya ɗanta ta fita gaishe da dangi. Iyaye mata da surukai, ku da kuke tsara gidajen da za a shiga a yawon arba'in, ku sa asibiti a farkon layi, ta je da safe ba ta karya ba. Katin awon kuma a adana shi a ƙasan akwati, za a neme shi tun ranar awon farko na ciki mai zuwa.