Ficewar Nijar daga ECOWAS da Jita-jitar Rufe Iyaka

Tun da Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wata magana ta kama bakin mutane a kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum, cewa wai an rufe iyakar Najeriya da Nijar har abada, kuma duk wanda ya tsallaka da kaya ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Wannan magana ba ta da tushe, amma ta riga ta jefa fatake da dillalan dabbobi cikin asarar da babu dokar da ta ɗora musu ita.

ECOWAS ƙungiya ce ta tattalin arzikin Afirka ta Yamma da aka kafa a Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, kuma da yake dokar ƙungiyar ta tanadi wa'adin shekara guda, ficewar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairun 2025.

Kuskuren masu yaɗa jita-jitar shi ne haɗa abubuwa biyu da ba lokaci guda suka faru ba. Rufe iyakar da mutane ke tunawa takunkumi ne da shugabannin ECOWAS suka ƙaƙaba a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani sun hamɓarar da Mohamed Bazoum, lokacin da aka yanke wa Nijar wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya har kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. A lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar daram. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris, Nijar ta biyo baya a watan. Ke nan an rufe iyaka Nijar na ciki, aka buɗe ta bayan ta ce ta fita. Haka kuma rufewar da gwamnatin Buhari ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ta auku ne ƙasashen biyu suna inuwa ɗaya. A ranar da ficewar ta tabbata ma, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su yi zirga-zirga babu biza, kayansu kuma su ci gaba da cin sassaucin haraji har sai an cimma sabuwar matsaya. Ita ma ƙungiyar AES da ƙasashen uku suka kafa ta bayyana cewa ƙofarta a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Abin takaici shi ne, mutumin da bai taɓa ganin iyakar Kamba ko kasuwar Ƙonni ba shi ne ya fi kowa ɗaga murya a majalisa yana rantsuwa cewa hanya ta mutu.

Wannan ba ya nufin komai na nan yadda yake. Abin da a da yake haƙƙi a rubuce yanzu ya koma alfarma da kowane ɓangare zai iya janyewa, kuma Yamai ta fara nuna hakan. A Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso, a Maris na 2025 AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa, sannan a Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, aka hana fitar da dabbobi, abin da ya taɓa masu neman ragon layya a arewacin Najeriya. Faɗuwar naira a gaban sefa da rashin tsaro su ma sun taka tasu rawar wajen tsadar kaya.

Cutar da jita-jitar ke yi a bayyane take, domin wanda ya yarda cewa babbar hanya haramtacciya ce zai biya 'yan kamasho su bi da shi ta ɓarauniyar hanya, kuma mutumin wannan yanki ya fi kowa sanin abin da shiga daji da dukiya ke nufi a wannan zamani na 'yan bindiga. Wanda ya tsira daga gare su kuma, in jami'an kwastan suka tare shi, a lokacin ne ya zama ɗan fasa-ƙwaurin gaske, domin shi ya kauce wa ƙofa da ƙafarsa.

Saboda haka ya kamata mai niyyar tafiya ya mallaki cikakken fasfo, domin a Fabrairun 2025 an samu rahotannin cewa jami'an Nijar suna mayar da masu riƙe da takardar tafiya ta ECOWAS kaɗai, ya haɗa da katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara. Kafin ya zuba jarinsa a wani kaya, ya tambayi shugabannin ƙungiyar direbobi da sarkin kasuwa a Illela ko Kamba abin da aka hana fitarwa a wannan makon, tun da umarnin yana sauyawa, kuma kada ya dogara da saƙon murya na WhatsApp da ba a san wanda ya fara shi ba. Mai dabbobi ya nemi takardar likitan dabbobi, duk kuɗin da aka karɓa a hannunsa ya nemi rasit, ya yi canjin sefa wurin wanda aka sani, ya kuma ƙetara da rana. Su kuma 'yan Nijar da ke ga-ruwa da kiwo da sayar da shayi a garuruwan wannan yanki, ficewar gwamnatinsu ba ta mai da su baƙin haure ba, kuma duk wanda ya tsorata su da kora don ya karɓi wani abu a hannunsu, hakimi da 'yan sanda ne ya kamata su ji labarinsa.