Iska Mai Sanyi da Injin Tsohuwar Mota

Ka sani, injin mota ma numfashi yake yi: yana zuƙar iska, ya gauraya ta da fetur, ya ƙone. Iska mai sanyi ta fi mai zafi yawan oksijin. Jos kuwa tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Iskarta akwai sanyi, sai dai ba kauri, shi ya sa tsohuwar Peugeot 504 take nishi a hawa.

In kana son ka rage mata wahala, nemi bututun roba mai faɗi a Dilimi. Haɗa shi da gidan filta, ka kai bakinsa gaban mota, nesa da zafin inji. Ƙarfin da za a samu kaɗan ne. Kada ka cire filta, domin ƙurar hunturu tana cin inji. Kada kuma bakin bututun ya yi ƙasa: da damina, in ya zuƙi ruwa, injin ya tashi aiki.