Ƙaruwa Ta Zo da Ƙari: Ciwon da Mai Jego Ke Ɓoyewa

Ranar suna gida cike yake. Ana ta barka, jariri na yawo daga wannan hannu zuwa wancan, ana gardamar wanda ya ɗebo a kamanni. Mai jego kuwa tana bakin gado ta zauna a karkace, ta ɗora nauyinta a ɓari ɗaya, tana murmushin dole. Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san ma'anar wannan zama. Amma tambayar ba ta wuce "Ya ƙarfin jiki?", amsar kuma ba ta wuce "Da sauƙi."

Mata sun yi wa abin suna mai laushi: ƙari. A ce wance ta ƙaru, in fatar da ke tsakanin gaba da dubura ta yage da kanta lokacin fitowar kan jariri, ko an yi mata ƙari, in ma'aikaciyar asibiti ce ta yanka da almakashi don a buɗe hanya. Ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Birtaniya ta ce cikin mata 10 masu haihuwar fari, har 9 na iya samun yagewa, ƙujewa ko yanka. Matsalar ita ce kalma ɗaya muke amfani da ita ga raunuka huɗu da ba su yi kama da juna ba.

Na farko fata ce kawai ta tsage, wani lokaci ko ɗinki ba ya buƙata. Na biyu ya kai ga tsokar da ke ƙarƙashin fatar, ana ɗinke shi a ɗakin haihuwa bayan allurar kashe zafi, kuma yawanci cikin 'yan makonni ya haɗe. Na uku da na huɗu su ne abin tsoro. A bakin dubura akwai wata tsoka mai zagaye, kamar zariyar bakin jaka, ita ke riƙe iska da bayan gida har sai mutum ya ga dama. Idan yagewar ta kai ga wannan tsoka, mataki na uku ke nan. Idan ta ratsa ta har ta buɗe fatar cikin dubura, na huɗu ne. A Birtaniya kusan mata 3 cikin 100 ne ke samun irin wannan, a masu haihuwar fari kuwa kusan 6 cikin 100. Haihuwar fari, jariri mai nauyin da ya haura kilo 4, naƙuda mai tsawo, maƙalewar kafaɗa, jawo jariri da kayan aiki, duk suna ƙara haɗarin. Haka ma tabon kaciya ko na yankan gishiri, domin tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata.

Rauni na uku da na huɗu aikin likita ne a ɗakin tiyata, cikin awannin farko bayan haihuwa, a nemo bakin tsokar biyu a haɗa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tausasa bayan gida. To a nan ne tamu ta bambanta da ta Birtaniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. A ɗaki, da fitilar waya, cikin jini, ungozoma komai ƙwarewarta ba za ta iya tantance zurfin yagewa ba, don sai an sa safar hannu an duba ta cikin dubura ake ganewa. Saboda haka ko an sauka lafiya a gida, kada kwana ya zagayo ba a kai mai jego an duba ta ba.

Yanzu sai maganar ruwan zafi, wadda na san za ta ɓata ran gwaggonni. Wankan jego yana da alherinsa: tsafta ce, hutu ne, kuma kwana arba'in ana yi wa mace hidima, abin da matan wasu ƙasashe ke kwaɗayi. Zama cikin ruwa mai ɗumi ma yana rage raɗaɗi. Amma ɗumi daban, tafasa daban. Ruwan da gwiwar hannun mai wankan ba za ta jure ba, bai kamata a zaunar da ɗanyen rauni a ciki ba. Ƙuna yake yi, fatar ta kumbura ta yi laushi, ɗinki ya saki. Ruwan bagaruwa kuma yana tsuke fata, shi ya sa mace ke jin kamar wurin ya haɗe, alhali tsokar da ta tsinke tana nan a rabe a ƙarƙashi. Babu ganye ko saiwar da ke ɗinka tsoka. Cusa alimun, garin magani ko kayan matsi a wurin da ke da rauni kuwa, gayyatar ƙwayoyin cuta ne. Ba yau likitoci suka fara jan kunne kan wuce gona da iri a jego ba: tun shekarun 1970 aka yi bincike a Zariya da ya danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da gashin jiki.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne sanyin da ake gudu yana cikin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2022 kan kula da mai jego, ta amince da ɗora abu mai sanyi a wurin a kwanakin farko, tare da shan farasitamol. A naɗe ƙanƙara a tsaftataccen ƙyalle, a ɗora na 'yan mintuna, ba kai tsaye kan fata ba. Sauran kulawar ba ta da tsada. A wanke hannu kafin a taɓa wurin. A yi tsarki da ruwa mai tsafta daga gaba zuwa baya, a tsane ba tare da gogawa ba, a riƙa sauya auduga ko ƙunzugu a kai a kai. In fitsari na zafi, a riƙa zuba ruwa a wurin yayin yin sa. Zaren ɗinkin narkewa yake yi da kansa, ba a tsinko shi.

Bayan gida na farko shi ne abin da masu ɗinki suka fi fargaba, har wata ta rage cin abinci don gudun sa. Wannan dabara ce mai komawa kan mai ita, domin kashin ƙara tauri yake yi, yunƙuri ya ƙaru. Abincin jegonmu ya cika gasasshen nama da yaji. A haɗa da miyar zogale ko alayyahu, gwanda, lemo, wake, da ruwa mai yawa. In an tsuguna, a tallafe wurin ɗinkin da auduga mai tsafta. Da zarar zafi ya lafa kuma, a fara motsa tsokar ƙasa: a matse kamar mai riƙe tusa a cikin taro, a ƙirga biyar, a saki, a maimaita sau da yawa a yini.

Raunin da ke warkewa, kullum zafinsa raguwa yake yi. In yau ya fi jiya, akwai magana. Wari, mugunya, zazzaɓi, kumburi mai tauri da zugi, ɗinki ya buɗe, jini da yawa ko guda-guda, kasa yin fitsari: ko ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti a ranar, ba sai an yi arba'in ba. Al'adar hana mai jego fita ba ta kai ran mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma so take a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24, a kwana na 2 zuwa 3, tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na 6.

Akwai kuma alamar da ba ta da wari a farko, ba ta da zazzaɓi, ita ce aka fi ɓoyewa. Iska na kuɓucewa ba da niyya ba. In bayan gida ya taso, ba a iya jira a kai bayi. Ko a riƙa ganin ɓacin kamfai, ko a ji iska na fita ta gaba. Mace sai ta shekara tana sake alwala, ta daina shiga biki, ta daina zuwa Islamiyya, ba ta gaya wa ko mahaifiyarta ba. In ma ta faɗa, a ce basir ne, ko a ce haihuwa ta gaji haka. Ba ta gada ba. Alama ce ta tsokar dubura da ta tsinke ba a ɗinka ba, ko ɗinkin ya warware, ko ƙofa ta ɓulle tsakanin dubura da gaba. Kuma ana gyarawa, ko da an shekara goma.

Maigida, kai ma da naka. Cikar arba'in lissafin kwanaki ne, ba shaidar warkewa ba. Tabo na iya ci gaba da zafi, shayarwa kuma tana kawo bushewar gaba. In ta ce da zafi, to da zafin, kuma zafin da ya ɗauki watanni dalili ne na ganin likita, ba na sayo kayan mata ba. Kuɗin mota da izinin fita ma sau da yawa a hannunka suke.

Cibiyoyin da aka sani da aikin yoyon fitsari su ne kuma suka ƙware a gyaran raunin tsokar dubura: Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki, da cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, da ta Ningi a Bauchi, da ta Jahun a Jigawa, da ta Danja kusa da Maraɗi. Raunin da ba a ɗinka da wuri ba, sau da yawa sai an jira kumburi ya saɓe, wurin ya tsaftata, kafin a yi aikin. Wadda ta taɓa samun ƙari mai zurfi kuma, in ta sake samun ciki, ta faɗa tun ranar awon farko, a rubuta a katinta, don a yanke tun da wuri ko za ta haihu da kanta a asibiti ko tiyata ce ta fi mata.